Sai Ta Aje Bik

Hannuna na cikin kwanon zogale ina matse ruwa lokacin da na ji muryar Dijatu ta bisa katangar da ta raba gidajenmu.

"Fati. Fati, zo. Mushe ya hwaɗi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya sa gabana ya faɗi. Na fita ko ɗankwali ban gyara ba. Na iske mijinta Mushe Kailu, kamar yadda muke kiran malaman boko, kwance a gefen kujerarsa ta ƙarfe mai zaren roba, ƙarƙashin rumfa, buta ta kife kusa da ƙafarsa, ruwan yana bin ƙasa. Bakinsa ya karkace gefe guda. Idonsa a buɗe yake, yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tun da sahe nic ce mishi ya kwanta," in ji Dijatu, tana ƙoƙarin tallafo kansa. "Yac ce sai ya raka ɗiyag ga bakin titi. Da yad dawo yaz zamna yana ta duban agogo."

Ranar ita ce ta ƙarshe a jarrabawar bak, wadda yaran ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ke yi kafin su wuce jami'a. 'Yarsu Balkisa tana cikin masu yi. Tun ƙarfe bakwai ta fita, yanzu kuwa tara ta ɗan wuce.

Shekara ashirin da shida Mushe Kailu ya yi yana sirbeyan a lise ɗin garinmu, wato mai kula da shigar yara da fitarsu da halinsu. Yara na kiransa Bakwai-da-rabi a bayan idonsa, don lokacin da yake rufe ƙofa ke nan, ko ɗan wane ne ya makara. In damina ta faɗi iyaye suka janye yaro zuwa gona, shi ne ke hawa tsohon babur ɗinsa har ƙauyukan Bonkuku ya zauna da uban yaro a kan tabarma, ba ya tashi sai da alkawari. Ni kuwa dambu da zogale nake sayarwa a bakin ƙofar lise, shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya nuna mini gindin bishiyar da nake zama. Hawan jini ya kwantar da shi tun watan azumi. An hana shi gishiri, an hana shi rana, an hana shi damuwa. Biyu daga ciki ya bi.

Na ruga na kira maƙwabcinmu mai motar ɗaukar gero. Maza uku suka shigo suka ɗaga shi a kan tabarma. A daidai zaure ya miƙo hannun hagu, wanda bai mutu ba, ya damƙe wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"Fati." Harshensa ya yi nauyi, sai da na kai kunne kusa da bakinsa. "Midi... sha biyu... ki tare Balkisa. Kat ta zo gida."

"To, Mushe."

"Kak ku hwaɗa mata. Komi yaf faru." Ya haɗiye yawu da kyar. "Sai ta aje bik." Alƙalamin jarrabawa yake nufi.

"Mushe, za ka tashi, in Allah ya yarda."

Ya ƙara matsa hannuna. Ba addu'a yake nema a wurina ba.

"Na ji," na ce. "Na ɗauka."

Sannan ya sake ni.

A asibiti wani ma'aikacin jinya mai suna Sahabi ya karɓe mu. Da ya ga wanda ke kan tabarmar, sai ya tsaya cak, sannan ya fara ba da umarni da sauri. Daga baya ya gaya mini cewa Mushe ya taɓa kamo shi a tasha yana kamasho, ya kai shi aji da kunnensa a hannu. Suka sa masa ruwa, suka yi allura, suka auna, suka sake aunawa. Ni da Dijatu muna tsaye a bakin taga. Wajen goma da rabi na ga yatsan Mushe manuni ya ɗaga kaɗan daga kan zanen gado, Sahabi ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ba a daɗe ba Sahabi ya miƙe, ya cire abin aunawa daga wuyansa, ya ja zane ya rufe fuskar.

Dijatu ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta sake cewa, ta sake. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, agogon bangon asibitin nake kallo.

Sha ɗaya saura aka dawo da gawar gida. Kafin mu sauka mutane sun fara taruwa a ƙofa. Yayan Mushe, Dodo, ya iso daga gonarsa ta bayan gari, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Dogon tsoho ne, bai yi boko ba ko na rana ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ce magana a dangin. Ya shiga ya ga ƙanensa, ya fito yana share fuska da hularsa.

"A tahi a hwara gina kabari," ya ce wa samari. "Da an yi azahar mu kai shi. Wani ya tahi lakwal ya ɗauko Balkisa."

Ina tsaye a bakin ɗakin mata. Na matso na durƙusa.

"Baba Dodo, Mushe ya bar magana."

Na faɗa masa yadda aka yi a zaure, kalma da kalma. Ya saurare ni har na gama.

"Ciwo na yay yi magana, ba shi ba," ya ce. "Uban mutum na kwance a hana shi ganinai saboda takarda?"

Ana cikin haka shugaban lise ya shigo, Mushe Abdulgafar, wanda muke kira Purobiza. Sahabi ne ya yi masa waya. Ya cire takalma, ya yi gaisuwar mutuwa yadda ya kamata, sannan ya zauna a ƙasa gaban Dodo, da wandonsa mai guga.

"Baba, takarda guda tar rage mata, ta marece, daga ukku zuwa shidda. In ba ta zamna ba, doka ta kada ta, komi yawan makin da tas samu a sauran. Bara da kaɗan tah hwaɗi. Bana na karo na ƙarshe da lise ka iya riƙe ta. In wagga ta wuce, shekara goma sha huɗu na karatu sun tsaya nan."

"Malam, kai ka san doka, ni na san zahin rana," in ji Dodo. "Watan bakwai muke. Gawa ba ta jira." Ya dubi ƙasa. "Ina Kumasi cin rani anka ruhe babanmu. Wasiƙa ta iske ni bayan wata biyu. Shekara talatin da huɗu ke nan, har yau ban san da wace huska yat tahi ba. Kailu ya gan shi. Shi yas sa yake ganin abin da sauƙi. Ni na san abin da kuke shirin ɗora ma yarinyag ga, ku ba ku sani ba."

Ni kaina na ji maganar ta shige ni. Can ciki, bayan labule, Dijatu ta yi gyaran murya.

"Yaya."

"Ina ji."

"Maganar da Fati tah hwaɗa, ita a ta ƙarshe da yay yi da bakinai. Bayanta ba abin da yab biyo sai yatsa da yaɗ ɗaga. Ni na haihi ɗiyag ga. In ta yi hushi, ta yi da ni."

Dodo ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda sama ta fara yin nauyi can ƙasa-ƙasa.

"Bayan la'asar," ya ce. "In ƙarhe biyar ta yi, ko hadarin can ya taso, za mu ɗauke shi, ta zo ko ba ta zo ba. Ba ni bari ruwa ya cika kabarin ƙanena."

"Ingilishi za su yi, kuma ta hi kowa iya shi," in ji Purobiza. "Awa biyu ka isar ta. Da ta hito zan kawo ta bisa babur."

Ya tashi, ya dube ni. "Sha biyu saura kwata, Fati."

Na koma gidana a guje. Dambun da na turara tun asuba yana nan cikin madambaci, ya huce. Na juye shi a roba, na watsa zogale da mai a kai, ban ko ɗanɗana ba. Na ja hijabi daga igiyar shanya ta gidan Dijatu da zan wuce, don nawa ban san inda na yar da shi ba.

Kafin in isa, Purobiza ya riga ya yi magana da ma'aikatansa. A kwanakin jarrabawa yara na barin wayoyinsu cikin akwatin ƙarfe a ɗakin maigadi. Tsohon maigadin ya saka makullin a aljihun ciki, ya shirya cewa ya ɓace. Malamai biyar ko shida suka bazu a bakin ƙofa kamar masu shan iska, kowa ya tsaya kusa da gungun iyaye da masu kawo abinci. Madam Mariya, malamar Ingilishi, ta zo ta tsaya kusa da ni a gindin bishiya. Idanunta sun yi ja, ta saka tabarau baƙi.

"Rabin garin ga ya ji," ta ce a hankali. "Mutum guda ya isa. Tsohuwa guda ta ce mata sannu da haƙuri, shi ke nan."

Aka buga ƙarfe. Yara suka fara fitowa, wasu na dariya, wasu na gardama a kan amsar lissafi. Na ga yadda labarin ke bin su. Yaro zai je wurin yayarsa ya karɓi kwano, ta raɗa masa wani abu, fuskarsa ta canza, sai malami ya matso ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana a kunne. A ɗakin maigadi kuwa hayaniya ta tashi a kan makulli.

Balkisa ta fito da 'yar jakar leda mai ɗauke da bik biyu da katinta na shaida. Siririya ce, mai tafiya da sauri irin ta ubanta. Ta nufi hanyar gida kai tsaye. Na sha gabanta.

"Balkisa, zo nan. Yau a wurina za ki ci."

"Tanti, sannu. Bari in tahi in dawo, Baba na jirana. Abin da munka yi bita jiya shi yah hito, ina son in gwada mishi."

"Shi yac ce kak ki zo." Na ji muryata kamar ta wata. "Yac ce zuwa da dawowa cikin ranag ga gajiya ta. Ki ci nan, ki yi salla nan, ki duba kaye ki yi bita."

Ta yi ɗan murmushi. "Halin Baba ke nan. Yaya jikin nashi?"

"Yana kwance. Ya samu hutu."

Madam Mariya ta kama hannunta, ta ja ta zuwa bayan bishiya, nesa da hanya, inda na shimfiɗa tabarma. 'Yan mata huɗu na ajinsu suka biyo mu. Da ganin idanunsu na san sun ji. Ba wanda ya ce su yi, amma suka zauna suka kewaye ta, bayansu ga titi, suka buɗe kaye, wato littattafan rubutunsu. Wata ta fara tambayarta kalmomin Ingilishi, Balkisa na amsawa tana cin dambu.

"Tanti, yau kin manta gishiri."

"Sauri na yi."

Ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko. Idonta ya sauka a kan hijabin.

"Wanga ba na Inna ba na?"

Shuɗi ne, mai ɗinkin fari a baki, da ɗan ƙonewar gawayi a gefe. Duk unguwa an san na Dijatu ne.

"Nawa na wanke, bai bushe ba. Na ara."

A daidai lokacin wani saurayi daga ajinsu ya wuce ta bayanmu, ya je ya kifa goshi a katangar makaranta, kafaɗunsa na girgiza. Ƙato ne, mai gemu, wanda Mushe ya sha kora gida saboda makara. Balkisa ta bi shi da kallo.

"Mi as samu Lawali?"

"Lissahi ya kada shi," in ji Madam Mariya. "Ke dai duba gabanki. Karanta min wanga layi."

Balkisa ta karanta. Amma ta ajiye cokali, ba ta sake ɗauka ba.

Wata tsohuwa mai sayar da goro, wadda ta san gidansu, ta taho daga nesa tana tafa hannu a hankali irin na mai zuwa gaisuwa. Na ga malamin lissafi ya tare ta a tsakiyar hanya, ya sayi goron da ba ya ci, ya juya ta ya raka ta har kwana. Haka aka yi ta yi awa biyu da rabi. Ban taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba.

Da aka kira azahar muka yi salla a nan kan tabarma, kafaɗarta na gogar tawa. A sujada na roƙi Allah gafarar ƙaryar da na yi da wadda zan ƙara. Da muka sallame ta daɗe tana addu'a, tafin hannunta a fuska.

Uku saura kwata aka fara kiran su. Ta ɗauki jakar ledarta ta miƙe.

"Tanti."

"Na'am."

Ta tsaya. Na ga tambayar ta zo har bakinta. Na san in ta yi ta, ba ni da sauran ƙarya.

"Ki yi min addu'a," ta ce.

"Allah ya ba da sa'a, ɗiyata."

Ta nuna katinta ga jami'in tsaro, ta shige. Aka rufe ƙofa.

Daga nan sai jira. Maigadi ya ce ya ga makullinsa. Purobiza ya je gidan rasuwa ya dawo, ya ce an yi wanka, an sa likkafani, kabari ya kusa. Ya ajiye babur ɗinsa daf da ƙofa, fuskarsa na kallon hanyar unguwarmu, bai zare makulli ba. Malamai suka kasu biyu, wasu suka tafi don jana'iza, wasu suka tsaya da mu.

Aka kira la'asar. Hadarin gabas ya hau rabin sama, baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Huɗu da rabi yaran farko suka fara fitowa. Duk namijin da ya fito, sai ya kama hanyar gidan Mushe da gudu, bik ɗinsa a hannu. Ina ƙirga fuskoki. Ba ita.

Biyar saura minti biyar wayar Purobiza ta yi ƙara. Ya matsa gefe, na ji yana cewa, "Don Allah, Baba. Kwata guda." Ya dawo ya ce, "An yi mishi salla a ƙohwar gida. Ya yarda da kwata guda."

"Mushe, ka shiga ka hiddo ta," na ce.

"Yau ba ni da iko a cikin gidan ga, Fati. Shugaban jarrabawa daga Yamai yake. Ni kaina in na taka ƙohwar aji, ana iya soke takardun ajin baki ɗai."

"To a aika mata da 'yar takarda."

"A ce mata mi?" in ji Madam Mariya. "Ki yi sauri ubanki na jira? In ba ta gama ba hwa? Mun rushe abin da munka tsare tun sahe."

Ajin da take ciki shi ne na uku daga ƙofa, tagoginsa a buɗe. In na tsaya a bakin katanga na ɗaga murya, za ta ji ni. Na tashi na je har wurin. Na dafa bulo, yana da zafi. Na buɗe baki. Na tuna Dodo da wasiƙarsa ta Kumasi, na tuna hannun Mushe a wuyan hannuna. Ina nan tsaye har iskar farko ta bugo, ta ɗauke ledoji da ganye ta watsa sama, ta kifar da robar dambuna. Ban kira ba.

Biyar da minti ashirin waya ta sake ƙara. Purobiza ya saurara, ya mayar da ita aljihu.

"Sun ɗauke shi."

Ya zare makullin babur, ya sake mayarwa. "Madam, ku tsaya da Fati. Ni zan bi su, ko ƙasa in samu in zuba." Ya tafi cikin iska.

Ruwan ya sauko shida saura kwata, da ƙarfi. Muka fake a ɗakin maigadi, mu uku da tsohon. Ƙarfe shida aka buga ƙarfe. Yaran da suka rage suka fito suna rufe kai da leda. Ita ce kusan ta ƙarshe. Ba ta gudu ba, ba ta rufe kai ba. Ta taho har inda muke, ta tsaya a cikin ruwa.

"An kai shi?" ta ce.

Madam Mariya ta cire tabarau. Ni na amsa, don ni na ɗauki alkawarin.

"An kai shi, Balkisa. Da hantsi Allah ya karɓi abinai."

Ta gyaɗa kai. Ruwa na bin fuskarta, ban iya rarrabe shi da hawaye ba. Na jawo ta ciki na rungume ta, jikinta na kakkarwa.

"Tun da nig ga hijabin Inna na san da wani abu," ta ce a kafaɗata. "Da nig ga Lawali, na gane. Lawali bai taɓa kuka don lissahi ba. Nic ce in na tambaye ki sau biyu za ki hwaɗa min, shi yas sa ban tambaya ba."

"Shi yac ce a ɓoye miki. Yac ce sai kin aje bik."

"Na san shi na." Ta ja numfashi. "Awa guda ina zamne ban rubuta ko sunana ba. Layukan na ta yawo. Sai huɗu ta wuce na hwara. Ban bar tambaya ko guda ba, Madam."

"Madalla," in ji Madam Mariya.

"Da azahar anka ruhe shi?"

Na so in ce i. Ƙarya ɗaya ce kawai za a ƙara, kuma da ta fi sauran sauƙi a gare ta. Amma garin duka ya san gaskiya.

"Baba Dodo ya jira ki har biyar da minti ashirin."

Ta ɗago daga kafaɗata a hankali. "An jira ni?"

"An jira."

"Da na san ana jirana..." Ba ta ƙarasa ba. Har yau ban san abin da za ta ce ba, kuma ban taɓa tambayarta ba.

Da ruwa ya tsagaita muka kama hanya a ƙafa, muna tsallake kwata. A bakin unguwa muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, jiƙe sharkaf, laka har ƙauri. 'Yan lise sun fi rabinsu. Da suka gan ta suka dare gefe biyu suka ba ta hanya. Dodo ne a gaba. Ya tsaya, ita ma ta tsaya, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi.

"Na jira iyakar iyawata, ɗiyata," ya ce. "Ruwa ya iske mu muna zuba ƙasa ta ƙarshe."

"Na ji, Baba. Na gode."

"Ni nis sa shi da hannuna. Na buɗe huskatai kahin a ruhe, na duba da kyau, don in hwaɗa miki. Bakin ya koma daidai. Awa mai barci yake, goshin nan a sake. Ko ɗaure huskar da yake ma yara babu."

A nan ne ta yi kukan, a tsakiyar hanya, goshinta a kan gwiwarsa. Ya bar ta ta yi. Ba wanda ya wuce har sai da ta tashi.

A gida Dijatu na zaune a ɗaki cikin mata. Balkisa ta shiga ta zauna a gabanta.

"Kin yi hushi?" in ji uwar.

"Ban sani ba tukuna, Inna."

"To. Kin gama?"

"Na gama."

Dijatu ta jawo zane busasshe ta yafa mata.

Kwana tara bayan haka aka kira sakamako a farfajiyar lise. Dijatu na takaba, don haka ni na raka ta. Shugaban jarrabawa ya tsaya a baranda da lasifika yana karanta sunaye, Purobiza da malamai a bayansa. Kowane suna aka kira sai guɗa ta tashi daga wani gefe. Da aka kira nata, ba a yi guɗa ba. 'Yan ajinsu suka juyo suka dube ta, malamai suka fara tafi a hankali, filin ya ɗauka. Ta rufe fuska da hijabi ta ce mini, "Tanti, mu tahi."

Dodo na ƙofar gida. Ranar noman farko ce, kowa na gona, amma shi ya baro tasa tun hantsi, haywarsa ta noma jingine a kafaɗa. Ya miƙe da ya hango mu.

"Yaya?"

"An kira ni, Baba."

"Wato kin samu?"

"Na samu. Jami'a ta rage."

Ya gyaɗa kai sau biyu. "Shiga ki hwaɗa ma uwarki."

Ta shige zaure. Ni ma na juya zan shiga gidana, sai na waiwaya. Dodo ya koma gindin katanga ya zauna a ƙasa, ya juya wa titi baya. Ya ɗora bakin haywar a kan cinyarsa, ya tsinci wani ɗan kara, yana kankare busasshiyar laka daga ƙarfen a hankali, kaɗan-kaɗan.